Tutar bakan gizo a ƙofar otal: abin da matafiyi zai sani kafin ya fasa tafiya

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu na wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi bayani a kan wani al'amari da ke yawan tasowa a teburina daga watan Mayu zuwa Agusta, lokacin da masu hali ke shirin kai iyalansu hutu ƙasashen waje. Ni ma'aikaci ne a wani ofishin shirya tafiye-tafiye da ke Wuse a nan Abuja. Na shekara goma sha biyu ina yankar wa mutane tikiti, ina kama musu masauki, wani lokaci kuma ina raka ayari har can in dawo da su gida.

A bara wani dattijo ɗan kasuwa, wanda muka daɗe muna hulɗa da shi, ya shigo ofishinmu rai a ɓace, wayarsa a hannu. Mun riga mun kama masa ɗakuna biyu a wani otal da ke tsakiyar Amsterdam, shi da uwargidansa da 'ya'yansa uku, sai babban ɗansa ya buɗe shafin otal ɗin a intanet ya ga wata 'yar tuta mai launi shida, a ƙarƙashinta kuma an rubuta da Turanci cewa gidan yana maraba da masu neman jinsi ɗaya. Ya ajiye wayar a gabana ya ce, "Malam, ina za ka kai ni da iyalina?" Na ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji, zauna tukuna a kawo maka ruwa." Bai zauna ba. Ya ce a soke, ko da kuɗin ba za su dawo ba, kuma ba su dawo ba ɗin, domin irin kamun ɗakin nan ne mai rangwame wanda ba a mayar da kuɗinsa. Tun daga ranar nake tunanin rubuta wannan wasiƙa, saboda na lura mutanenmu da yawa suna yanke hukunci a kan abin da ba a taɓa zaunar da su an bayyana musu ba.

Ban zo da fatawa ba, wannan fagen malamai ne, kuma kowa ya san abin da addininsa ya ce. Dokar ƙasarmu ma a fili take: a watan Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga wanda ya ƙulla irin wannan aure, da shekara 10 ga wanda ya kafa ko ya shiga ƙungiyarsu. Abin da nake so in faɗa ya tsaya ne a kan matafiyi. Biranen da suka yi suna wajen karɓar waɗannan mutane, irin su Landan, Amsterdam, Cape Town, Berlin, Toronto da New York, su ne dai biranen da muke zuwa asibiti, muke tura 'ya'yanmu karatu, muke zuwa taro da saro kaya. Wanda ya ce zai kauce wa duk garin da ake kafa wannan tuta, to ya rage masa wurare kaɗan a Turai ta Yamma da Amurka ta Arewa. Ya fi masa amfani ya san me alamar take nufi, me zai gani, me zai yi da kwanakinsa, da yadda zai riƙe kansa a matsayin baƙo.

Ita tutar, a birnin San Francisco aka fara ɗaga ta a 1978, da launi takwas, daga baya aka rage zuwa shida. Idan ka gan ta a ƙofar otal ko gidan abinci, mai wurin yana shaida wa jama'a cewa ba ya korar kowa saboda wanda ya zo da shi. Ba ta nufin an keɓe gidan ga wasu, ba ta kuma nufin za a nemi wani abu daga gare ka ban da kuɗin ɗaki. Manyan otal-otal masu rassa a duniya, har da waɗanda attajiranmu suka saba sauka a cikinsu, suna kafa ta a watan Yuni. Dalilin zaɓen Yuni shi ne tarzomar da ta ɓarke ranar 28 ga Yunin 1969, lokacin da 'yan sanda suka kai samame wata mashayar masu neman jinsi ɗaya mai suna Stonewall a New York, mutanen ciki suka ƙi watsewa. Daga nan aka samo jerin gwanon shekara-shekara da suke kira Pride.

Bari in fara da Cape Town, domin nan na fi sani, kuma nan ne abin da na gani ya sauya yadda nake ba mutane shawara. Afirka ta Kudu ce ƙasa ta farko a duniya da ta rubuta a tsarin mulkinta, na 1996, cewa ba a nuna wa mutum bambanci saboda jinsin da yake nema, kuma a 2006 ta halatta auren jinsi, ta farko a nahiyarmu. Unguwar da ta yi suna da wannan harka a Cape Town ita ce De Waterkant, mai ƙananan gidaje da wuraren shan gahawa a gindin dutsen Signal Hill. Abin da ba a cika faɗa wa mutanenmu ba shi ne, titi ɗaya ne ya raba ta da Bo-Kaap, tsohuwar unguwar Musulmi mai gidaje fentin kore da rawaya da shuɗi, inda Masallacin Auwal yake a kan titin Dorp. An kafa shi a 1794, shi ne masallaci mafi tsufa a ƙasar. Limaminsa na farko, Tuan Guru, malami ne da Turawan Holan suka kamo daga tsibirin Tidore na Indunusiya suka tsare a tsibirin Robben, inda ya rubuta Alƙur'ani da ka, kuma har yau akwai kwafin rubutun hannunsa a masallacin. Duk wanda ya taɓa wanke allo a tsangaya, idan ya tsaya gaban wannan rubutu ya tuna cewa mai shi a ɗaure yake, babu littafin da zai duba, sai jikinsa ya yi sanyi.

Zuwana na biyu garin, ɗakunan Bo-Kaap duk sun cika, sai na sauka a wani ƙaramin masauki a De Waterkant. Maza biyu ne suke riƙe da shi, dattawa, kuma ban daɗe ba na gane yadda suke. Da na isa, ɗayansu ya dubi sunana a fasfo, ya ɗauki jakata ya hau da ita sama, ya buɗe taga ya nuna mini kusurwar da alƙibla take, sannan ya ce naman karin kumallonsu daga mahautan Bo-Kaap suke sayowa, saboda haka in ci hankalina kwance. Ranar Juma'a shi ya zana mini hanya a bayan rasit, ya ce in fita da wuri domin masallacin ƙarami ne, yana cika. Kwana biyar na yi a gidan. Ba su tambaye ni ra'ayina a kan rayuwarsu ba, ni ma ban tambaye su ba. Na biya kuɗina, suka yi mini sallama, na kama hanya. Ban faɗi wannan don in wanke kowa ba, na faɗa ne domin shi ne ainihin abin da ke faruwa a irin waɗannan masaukai, sabanin abin da ake ƙiyastawa daga nesa.

Abin yi a garin kuwa ya fi ƙarfin mako guda. Dutsen Tebur ya haura mita 1,000, ana hawansa da wata mota mai tafiya a jikin igiyar ƙarfe wadda aka fara aiki da ita a 1929, ta yanzu kuma daɓenta yana juyawa a hankali yadda kowa zai ga teku da gari ba tare da ya matsa ba. Shawarata ita ce ranar da ka tashi ka ga saman dutsen a fili, ka ajiye komai ka tafi, domin idan iska ta taso rufewa suke yi, kuma tana iya kwana biyu ba ta lafa ba. Tsibirin Robben, inda Nelson Mandela ya yi 18 daga cikin shekaru 27 da ya yi a ɗaure, ana zuwansa da jirgin ruwa daga bakin tashar da ake kira Waterfront, kuma a cikin masu zagayawa da baƙi akwai tsofaffin fursunonin wurin. Ɗakin Mandela bai kai shagon mai shayi ba. A wannan tashar kuma akwai gidan adana fasahar Afirka ta zamani da aka buɗe a 2017 a cikin wani tsohon rumbun hatsi, da lambun Kirstenbosch a bayan dutsen ga mai son yara su sake. Idan tsakar rana ta yi ka ji ƙarar igwa daga Signal Hill kada ka firgita, al'ada ce ta sanar da ƙarfe goma sha biyu. Da safiyar Lahadi a nemi abin da suke kira koesister a Bo-Kaap, kamar fankenmu yake, sai dai an sa masa kayan ƙamshi an tsoma a ruwan sukari an barbaɗa kwakwa. Abin da ya kamata matafiyi ya ji tsoro a Cape Town shi ne ɓarayi, ba tuta ba. Kada a yi yawo a ƙafa da dare, kada a hau dutse a kaɗaice, a riƙa kiran tasi ta waya. Kada kuma a manta da katin rigakafin shawara, domin a 2012 an taɓa maido da 'yan Najeriya 125 daga filin jirgin Johannesburg a kan wannan kati. Jerin gwanonsu na can yakan faɗo tsakanin Fabrairu da Maris, wato ƙarshen bazararsu, don yanayinsu kishiyar na Turai ne.

Amsterdam ita ce ta ɗaga wa Alhaji hankali, kuma gaskiya ita ce ta fi kowane gari suna a wannan fanni. Holan ce ƙasa ta farko da ta halatta auren jinsi, ranar 1 ga Afrilun 2001, kuma magajin garin Amsterdam na lokacin ne ya ɗaura na farko da tsakar dare. Nasu jerin gwanon a kan ruwa ake yinsa, yawanci Asabar ta farko a Agusta, jiragen ruwa wajen 80 suna bin mashigin Prinsengracht, jama'a dubun dubata a bakin ruwa da kan gadoji. Ba zan ɓoye ba, akwai shigar da mai kunya ba zai so ya gani tare da 'ya'yansa ba, akwai kiɗa da shan giya tun hantsi. Wanda ba ya so, maganin mai sauƙi ne: ya duba kalanda kafin ya sa ranar tafiya, ko kuma ranar ya ɗauki iyalinsa su hau jirgin ƙasa zuwa Haarlem ko Hague su dawo da yamma. Ko don aljihu ma ya kamata a duba, domin a makon nan kuɗin ɗaki yana tashi sosai, kuma sai an kama tun da watanni. Sauran kwanakin shekara, abin da za ka gani bai wuce tuta a taga ba, da mutum biyu riƙe da hannun juna a titi, sai wasu mashaya a titin Reguliersdwarsstraat waɗanda babu mai jan ka ciki.

A nan ne wani abu ya faru da ya sa na ƙara wani sharaɗi a takardar da nake raba wa ayari. Mun taɓa dacewa da wannan Asabar muna garin, muka tsaya a kan wata gada muna neman hanyar ƙetarawa. Wani saurayi a cikinmu ya ɗaga waya yana ɗaukar fuskokin mutane, yana magana da Hausa yana dariya, yana cewa bari mutanen gida su ga abin da ya gani. Sai wata baƙar mace, daga jin harshenta 'yar gabashin Afirka ce, ta matso ta sa tafin hannunta a gaban wayar, ta ce da shi cikin natsuwa mahaifiyarta tana raye a gida, kuma idan wannan hoto ya isa garinsu ba ita za a fara nema ba, tsohuwar za a nema. Yaron ya yi tsuru-tsuru. Na ce masa, "Ɗana, goge." Ya goge a gabanta. A jirgin dawowa ya ce mini shi wasa ya ɗauka, bai taɓa kawowa a ransa cewa bidiyon minti ɗaya da zai sa a TikTok zai iya jawo a ƙona gidan wata tsohuwa da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Tun daga nan nake rubuta wa duk wanda zan raka cewa a ɗauki gini, a ɗauki ruwa, a ɗauki kai, amma kada a ɗauki fuskar wanda bai yarda ba. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi tsumma ka ɗaura. Ni ban kai nan ba. Ban ce kowa ya ɗaura wutsiya ba, na dai ce kada ya ja ta wani.

Ga mai son ya fahimci dalilin da ya sa mutanen garin suke ɗaukar abin da zafi, ya je bakin cocin Westerkerk. A nan akwai wasu duwatsu uku masu kusurwa uku-uku, launin hoda, ɗaya ya gangara har cikin ruwa, an kafa su a 1987 domin tunawa da masu neman jinsi ɗaya da aka tsananta wa. Irin wannan alama ce 'yan Nazi suke liƙa wa a rigar fursunonin da suka kama da wannan zargi a sansanoninsu. Taku kaɗan daga wurin gidan Anne Frank yake, yarinyar nan Bayahudiya da ta ɓuya da iyayenta fiye da shekara biyu kafin a kama su. Tikitin gidan ta intanet kawai ake saye, kuma yana ƙarewa tun da makonni. Su a wurinsu tarihi ɗaya ne, na mutanen da hukuma ta ware ta sa musu alama. Saki na farko na tsarin mulkin Holan, wanda ya hana nuna bambanci saboda addini ko launin fata, shi ne aka ƙara wa batun neman jinsi a 2023. Ma'ana, layin da ya kare su shi ne ya kare hijabin uwargidanka a bakin teburin karɓar baƙi.

Sauran abubuwan garin sanannu ne, ba sai na ja ba: gidan tarihi na Rijksmuseum, na mai zane Van Gogh, lambun Vondelpark, kasuwar Albert Cuyp, yawon awa guda a jirgin ruwa cikin mashigan da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2010, da jiragen fito na kyauta a bayan babbar tashar jirgin ƙasa. Akwai babban masallaci mai ƙubba irin ginin Turkawa a yammacin garin, Westermoskee, kuma abincin halal ba ya wuya saboda yawan Turkawa da 'yan Maroko. Gargaɗi biyu kawai zan ƙara, waɗanda a ganina sun fi tuta haɗari ga baƙo. Jan layin da ke gefen titi na masu keke ne, kuma ba sa tsayawa. Shagon da aka rubuta wa coffeeshop kuma ba gidan gahawa ba ne, tabar wiwi ake sayarwa a ciki. Na taɓa tsamo wani bawan Allah daga ƙofar irinsa yana neman shayi da burodi.

Landan kuwa kusan gida ce ga mutanenmu, amma da yawa ba su san cewa titin Oxford, inda Hajiyoyinmu suke wuni suna sayen jaka da turare, shi ne iyakar unguwar Soho ta arewa, cibiyar wannan harka a Birtaniya. Duk wanda ya ratsa daga nan zuwa unguwar 'yan Sin neman abinci, to ya bi ta kusa da titin Old Compton ko bai sani ba, kuma babu abin da ya same shi. A kan wannan titi akwai mashayar Admiral Duncan, wadda labarinta ya kamata kowane baƙin mutum ya sani. A watan Afrilun 1999 wani Bature mai aƙidar 'yan Nazi ya dasa bama-bamai uku cike da ƙusoshi cikin mako biyu. Na farko, ranar 17, a Brixton, unguwar baƙaƙen fata. Na biyu, ranar 24, a Brick Lane, unguwar Musulmi 'yan Bangaladash. Na uku, ranar 30, a wannan mashaya, inda mutum uku suka mutu, har da wata mai juna biyu. Mutumin bai bambanta tsakaninmu da su ba, a jeri ɗaya ya sa mu. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010, wadda ta hana mai otal ya ƙi ba ka ɗaki saboda sunanka Muhammadu ko saboda fatarka, ita ce kuma ta hana shi korar su. Zagi ko tsangwamar mutum a titi saboda wannan dalili laifi ne da 'yan sanda suke kamawa a kai, kuma mai bizar ziyara da ya shiga irin wannan shari'a ya san ya ɓata takardunsa na gaba.

Jerin gwanon Landan, wanda aka fara a 1972, yakan zo a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, ranar Asabar, kuma ana rufe titunan tsakiyar gari daga wajen Piccadilly zuwa dandalin Trafalgar. Ranar ce ta dace a nufi gabas, a yi salla a babban masallacin Whitechapel, a ci abinci a Brick Lane, ko a gangara Peckham inda ake samun kayan miyar gida har da daddawa. Masu neman leshi da atamfa sun san shagunan da ke kusa da tashar Liverpool Street. Gidan tarihi na Birtaniya kyauta ake shiga, kuma a sashen Afirka akwai tagullan Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897. Ni dai duk lokacin da na kai ayari wurin sai na ga an yi shiru, sannan wani ya ce, "Wai namu ne waɗannan?" Berlin ma haka tsarin yake, unguwarsu ita ce Schöneberg, bikinsu a ƙarshen Yuli, kuma a garin ne aka zauna a 1884 aka tsara rabon Afirka, abin da ya fi cancanta ɗan Najeriya ya je ya ga inda aka yi.

Iyaye sukan tambaye ni abin da za su ce wa yara idan sun ga abin da ba su saba gani ba. Amsata ita ce yaron da ke riƙe da waya ya riga ya ga fiye da haka a ɗakinsa a Gwarinpa. Gara ya gani kana kusa, ya tambaye ka, ka gaya masa abin da addininku da gidanku suka tsaya a kai, ka kuma gaya masa cewa mutanen nan a garinsu suke, ba a nuna su da yatsa, ba a yi musu tsaki. Yaron da ya ga ubansa ya riƙe aƙidarsa kuma ya amsa gaisuwar mai kawo masa abinci da sakin fuska, ya koyi abu biyu a zama ɗaya.

Na san kuma a cikin masu karatu akwai wanda wannan bayani ya shafe shi ta wata fuska dabam, wanda yake neman garin da zai yi kwana goma ba ya waiwaye. Ni ba a ba ni ikon duba zuciyar kowa ba, wanda ya zo neman tikiti, tikiti nake yankar masa. Abin da zan ce masa shi ne abin da matar nan ta kan gada ta koya mana: hoto ya fi mai shi saurin isa gida, dokar 2014 tana nan, kuma a jihohin da ake aiki da shari'ar Musulunci hukuncin ya fi haka tsanani.

Ta fuskar takardu, bizar ƙasashen Turai ta Shengen ana iya neman ta tun wata shida kafin tafiya, kuɗinta Yuro 90 ne ga babba tun daga tsakiyar 2024, kuma ba ta shiga Birtaniya, wadda take da tata daban. Mai son zuwa a Yuli ko Agusta ya fara nema tun Maris, domin layin ganawa yana tsawo. A kama ɗakin da ake iya sokewa ba tare da asara ba ko da ya ɗan fi tsada, a kuma tambayi wakilin tafiya ranar da bikin garin zai faɗo, ko don a halarta, ko don a kauce, ko don a san dalilin da ya sa farashi ya haura.

Shi kuwa Alhaji, daga baya mun sama masa wani otal a wajen gari kusa da filin jirgin Schiphol, wanda ya duba shafinsa da kansa bai ga tuta ba. Ya yi tafiyarsa a farkon Agusta. Da ya dawo ya biyo ta ofis da tsarabar cakulan, na tambaye shi yadda ya samu masauki. Ya ce ɗaki lafiya lau, sai dai kullum sai sun hau jirgin ƙasa kafin su shiga gari, abin da ya gajiyar da Hajiya saboda ciwon gwiwa. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce ranar da suka isa, tutar nan ce a kafe a bakin ƙofar otal ɗin, babba, tsakanin ta Holan da ta Tarayyar Turai, kuma yaron da ya ɗaukar musu kaya ɗan Maroko ne, shi ya nuna musu inda za su samu masallaci. Bana ya ce a kama masa a tsakiyar gari, kusa da tasha, amma a sa tafiyar a Satumba.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum,
Wuse, Abuja.